Bayan an Sallame Su: Zagayen Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura

Aboki, ka ce in na dawo in ba ka labari ba tare da na rage komai ba, to ga shi. Tambayar da ta fitar da ni daga Kano ƙarama ce. Kai ma ka sha gani a bakin manyan asibitocin birni: a turo saurayi a keken marasa lafiya, an aske rabin kansa, ga tabon ɗinki, 'yan'uwa na ta hamdala ana cusa tabarmi da filas a bayan mota. Mu 'yan birni a nan labarin yake ƙare mana, mu ce Allah Ya kiyaye gaba, mu wuce. To ina motar take zuwa, kuma wa yake ɗaukar nauyin wannan saurayi a shekara biyar ko goma da ke tafe? Wani ƙanen mahaifiyata, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya a Kazaure, ya ce in daina tambayar sa a waya, in zo in gani da idona.

Muka ɗauki hanyar Daura, mu huɗu a kujerar baya, biyu a gaba ban da direba, kamar yadda aka saba. Bayan Ɗambatta ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka ɓullo, can gefe ga aikin layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, zai kuma ratsa ta Kazaure. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babura. Tun da aka hana acaɓa a cikin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, idona ya saba da Adaidaita Sahu, har na manta yadda ake ɗora mutum uku da buhun gero a kan mashin ɗaya. A can kuwa mashin shi ne motar kasuwa, shi ne motar amarya, shi ne motar asibiti. Na yi ta neman mai hular kwano, da ƙyar na ga ɗaya, shi ma a hannun mashin ya rataye ta. Ka tuna 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular, 'yan acaɓar Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka? Mun yi dariya a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa take yi hular kwano mai kyau, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari.

Kazaure gari ne da ke kwance tsakanin duwatsu da ruwan dam, ya fi yadda nake zato kyau da tsari. Masarautar ta samo asali ne daga Ɗantunku, wajen 1819, wanda ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin Sakkwato ta raba gardama. Sarkin yanzu, Najib Hussaini Adamu, yana kan gado tun 1998. Kawu bai bar ni na huta ba, ina ajiye jaka ya zaunar da ni a zaure ya fara karatu. Ya ce, “Ɗana, ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai tamkar kindirmo ce a ƙwarya. Ka girgiza ƙwaryar da ƙarfi, ba sai ta fashe ba, abin da ke ciki ya riga ya motsu.” Shi ya sa mutum zai faɗi ba jini ba karaya, amma ya tashi wani mutum daban. Ya nuna mini yadda ma'aikatan lafiya ke auna zurfin suma da wani ma'auni da likitoci biyu suka fito da shi a birnin Gilasgo na Sikotilan a 1974: ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari babba. Irin wannan, bayan taimakon farko a babban asibitin gari, Kano ake nufa da shi, galibi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake hoton ƙwaƙwalwa da tiyatarta.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa a Kazaure yake, ba a Dutse ba. Da muka bi ta gefensa, Kawu ya ce a cikin masu zuwa irin wannan wuri akwai waɗanda asalin ciwonsu buguwar kai ce ta shekarun baya, amma dangi ba sa haɗa biyun. Sun ga an warke, an cire zare, an ci tuwo, sai bayan watanni a ga saurin fushi, da mantuwa, da rashin barci, da ashar daga bakin da bai taɓa yi ba. Sai a ce iska ce, ko sammu, ko shaye-shaye. Gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin hali da tsara al'amura, shi ne kuma ya fi saurin buguwa idan mutum ya kifa daga mashin. A Amurka ma sai da wani shugaban leburori masu aikin layin dogo, Finiyas Geji, ya gamu da tsautsayi a 1848, ƙarfe ya ratsa gaban kansa, ya rayu amma halinsa ya sauya, sannan likitoci suka fara gane haka sosai.

Da yamma muka zauna a wata majalisa kusa da kasuwa, hira ta kai mu ga masu buƙata ta musamman. Ka san ƙasar Hausa ba ta rasa tsari a wannan fanni: akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare, kowanne da jama'arsa da fadarsa, shi ke kai kukansu gaban hukuma. Jigawa kuma ta riga yawancin jihohi, domin a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wasu nakasassu naira 7,000 duk wata, kafin dokar tarayya ta hana nuna musu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Wani dattijo a majalisar ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Ya ce, “To Malam, shi wanda ƙafarsa lafiya, idonsa lafiya, amma ka aike shi kasuwa ya manta abin da aka aike shi, ya ɓata a hanyar gidansu, wane sarki zai je wa?” Wannan ce matsalar a dunƙule. Nakasar da ido ba ya gani ba ta da layin da za ta bi ranar rabo. A duk inda na zaga ban ga allon wata ƙungiya ta masu raunin ƙwaƙwalwa ba. Amma taimako na gan shi, sai dai ba shi da allo.

Washegari muka nufi Roni, ƙasar duwatsu da gonaki a tsakaninsu. A tashar 'yan acaɓa Kawu ya nuna mini wani matashi a ƙarƙashin rumfa, gabansa kwalaben fetur a jere. Da shi ma ɗan acaɓa ne, wata rana da magariba ya yi karo da amalanken shanu, ya yi dogon suma a Kano. Da ya dawo hannunsa na dama ya yi nauyi, magana kuma sai ya lalubo kalma, domin a hagu aka bugu, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa kuwa shi ke juya jikin dama, a wurin yawancin mutane kuma shi ke riƙe da magana. 'Yan ƙungiyarsu ne suka yi karo-karo lokacin jinya. Wannan ba sabon abu ba ne, mu ma muna yi a Kano. Sabon abin shi ne yadda suka ci gaba bayan an daina zuwa dubiya. Sun hana shi hawa mashin, suka kafa masa teburin mai, suka yi alkawarin a wurinsa za su riƙa sha. Lissafi yana rikita shi, sai suka mai da kwalaben girma ɗaya, kuɗi ɗaya, babu canji mai wahala. Idan rana ta take ya fara gajiya yana ƙunci, wani yakan karɓe shi ya je ya kwanta. Shugaban tashar ya ce mini, “Yallaɓai, in muka bar shi a ɗaki ya lalace. A nan ko ba ya ciniki yana jin hira.” Bai karanta littafin kowa ba, amma abin da masana gyaran rayuwar majinyata ke koyarwa ke nan: aiki mai sauƙi, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, cikin mutanen da aka sani.

Muka shiga gaida mahaifiyarsa. Ita ce asibitin gaskiya. Ita ta yi watanni tana juya shi a shimfiɗa don kada ya yi gyambo, tana miƙe masa yatsu da man zafi yadda mai gashin ƙashi ya nuna mata sau ɗaya kafin a sallame su. Na tambaye ta, “Inna, yaya kike yi da mantuwar tasa?” Ta ce salla ce agogonsu. Magani bayan asuba, wanka kafin hantsi, kwanciya bayan azahar, wani maganin bayan isha'i. Ladan ya zama mai tuni ba tare da ya sani ba. Ƙanensa kuma ya sa masa ƙararrawa a waya. Da na ce sannu da ƙoƙari, ta ce ai ɗa ne, wa za ta bar wa? Sai dai ta ƙara da cewa ta daina zuwa biki da suna, sana'ar ƙuli-ƙulinta ma ta tsaya, kuma matar yaron ta tafi gidansu tun shekarar farko, ba don rashin kirki ba, don tsawar da yake daka mata ba dalili. Babu wanda ya zaunar da yarinyar ya ce mata ciwon ne ke tsawa, ba mijin ba.

Gwiwa ta fi nisa da titi, tana maƙwabtaka da ƙasar Katsina. Mota ta kai mu inda za ta iya, saura muka ƙarasa a kan mashin cikin yashi, ina riƙe da rigar ɗan acaɓa ina tuna duk karatun da Kawu ya yi mini jiya. A nan na gane ba hatsarin hanya kaɗai ke bugun kai ba. Yaro ya faɗo daga kan kuka wajen ɗiban ganye, magini ya zamo daga katanga, mai haƙar rijiya ƙasa ta rufto masa, sa ya tunkuyi makiyayi, ɗan dambe ya sha naushi shekara da shekaru. Yarinyar da muka je gani daga kan bishiya ta faɗo tana 'yar firamare. Ta warke sarai, sai bayan kusan shekara farfaɗiya ta ɓullo. Hakan yakan faru, domin tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yana iya tayar da ita bayan watanni ko shekaru. Da ta fara faɗuwa mutane suka riƙa darewa, saboda tsohon camfin nan cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon. Aka ware mata kwano, aka cire ta daga makaranta.

Mutum biyu suka juya lamarin, kuma haɗuwarsu ta ba ni mamaki. Ɗaya ma'aikaciyar ɗakin shan magani ce, ɗayan limamin garin. Ita ta dage a kai yarinyar asibiti a rubuta mata maganin farfaɗiya, ta kuma bi gida-gida tana cewa ciwon ba ya yaɗuwa, kada a cusa wa mai faɗuwa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni. Shi kuma liman ya faɗi haka bayan sallar Juma'a, ya ce a yi addu'a a yi tofi, a kuma sha magani, babu wanda ya hana wani. Maganar da ma'aikaciyar ta yi wata uku tana yi, liman ya gama ta a zama ɗaya. Matan Islamiyya suka sa kuɗin maganin a cikin adashinsu, domin haɗarin wannan magani shi ne a sha yau a rasa gobe, tsayar da shi farat ɗaya yana iya dawo da faɗuwar fiye da da. Yarinyar ta koma aji. Ana hana ta zuwa bakin rijiya da hura wuta ita kaɗai, ban da wannan tana yin komai. Kai da ke ganin kemis a kowane lungu na unguwarku, ka auna abin da ake nufi da a ce maganin wata sai an hau mashin an biya kuɗin zuwa da dawowa wanda ya kusa kuɗin maganin kansa.

Daga nan muka koma Kazaure muka yanki gabas zuwa Ɓaɓura. Ni da nake zaton duk yankin ƙasar Kazaure ne, Kawu ya gyara mini: Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne masarautar Kazaure, Ɓaɓura kuwa ta Ringim ce. Ɓaɓura garin tsohon gwamna Badaru Abubakar ne, yana dab da iyakar Nijar, akwai makarantar koyon aikin ungozoma, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka amince da kafa ta a 2021. A tasha za ka ji ana lissafi da naira ana juyawa da sefa, marasa lafiya ma sukan tsallako daga ƙauyukan can. Wani tsohon direba ya ba mu labarin da ya fi kowanne tayar mini da hankali, na wani manomi da ya faɗo daga mota a ranar kasuwa, ya ɗan suma, ya tashi ya karkaɗe riga har ya yi ciniki. Da dare ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, ya kwanta, aka ce a bar shi ya huta. Bai tashi ba. Kawu ya ce wannan sananne ne a wurin likitoci: jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, mutum ya yi sa'o'i garau kafin ya danne ta. Tiyatar da za ta cece shi ba ta fi ƙarfin likitocin Kano ba, in an isa da wuri. Alamun su ne ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ba a iya tashin mutum, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko jijjiga. Duk wanda ya bugu a ka, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko.

Direban nan yana cikin waɗanda aka taɓa horarwa don ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Jigawa ta daɗe da irin wannan tsari, na direbobin ƙungiyar sufuri da kuma shirin Haihuwa Lafiya da ya sa motoci a ƙauyuka. Ya ce lambarsa tana wurin masu unguwanni, ko ƙarfe biyun dare aka kira zai fito. Na ce masa, “Baba, to in wanda ya bugu a ka ne fa?” Ya ce zai je mana, sai dai ba a saba kiran sa don haka ba. Ka ga hanya a shimfiɗe take, saura a faɗa wa mutane cewa ta wannan ma ce.

A daren ƙarshe Kawu ya fito da tsofaffin takardunsa na kwas. Tun bayan taron kiwon lafiya na Alma-Ata a 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya take kira da a mai da kula da nakasassu cikin al'umma maimakon tara su a cibiyoyi, a 2010 kuma ta fitar da jagora mai rassa biyar: lafiya, ilimi, sana'a, zamantakewa, da ba mutum ikon tsaya wa kansa. A Ingila iyalai da ma'aikata suka kafa wata ƙungiya mai suna Headway a 1979, don masu raunin ƙwaƙwalwa kaɗai, tana da rassa a garuruwa inda ake haɗuwa ana koya wa juna. Ba sai an je Turai ba ma. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya sauke masu taɓin hankali tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, duniya ta zo tana koyo a wurinsa. Da na jera rassan nan biyar da abin da na gani, sai na ga 'yan tashar Roni sun riƙe sana'a, matan Gwiwa sun riƙe lafiya da ilimi, majalisa da masallaci sun riƙe zamantakewa. Kowa na yin nasa bai san da ɗan'uwansa ba. Uwar da ke Roni ba ta taɓa haɗuwa da uwar da ke Gwiwa ba, alhali awa ɗaya a tsakaninsu za ta fi musu wata takardar asibiti amfani.

Na dawo ta hanyar Kanya Babba da Kunya, ina ta jujjuya abin da Kawu ya ce zai nema in da za a tambaye shi. Ba gini ya ambata ba. Ya ce a ba duk wanda aka sallama takarda da Hausa, boko da ajami, mai bayanin abin da zai iya biyo baya, a karanta wa matarsa da uwarsa. A sa mai unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa su san gidajen da ke da irin wannan majinyaci. A ware rana ɗaya a wata a ɗakin shan magani, masu jinya su haɗu, mai gashin ƙashi ya zo daga babban asibiti. Kwamitin zakka na masarauta ya sa su a lissafi ko da ba su riƙe sanda ba. 'Yan tasha kuma su hana lodi ga wanda ba shi da hular kwano, tunda sun iya hana wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba.

Kada ka ɗauka wannan labarin mutanen karkara ne kawai. Mu a Kano asibitin yana kusa da mu, amma a unguwarku wa zai kafa wa mutum tebur ya ce a wurinsa kaɗai za a sayi mai? Ka duba layinku da kyau. Akwai wani da ake cewa tun da ya yi hatsari ya zama mafaɗaci, abokai sun janye, an daina kiran sa ɗaurin aure. Ka je ka zauna da shi, ka yi magana a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya, kada ka ƙarasa masa zance in ya tsaya lalube. In za ka tafi ka leƙa ka gaida mai jinyarsa, ka tambaye ta ranar da take so a karɓe ta ta je unguwa. In ka ga dama, mako mai zuwa sai mu je tare.